Na Kunnen Hagu

Laraba, 27 ga Nuwamba, bayan la'asar

Auwal ne ya sa ni buɗe littafin nan, don ni rabona da biro tun ina sakandare. Abokina ne tun muna yara, yanzu yana da teburin kayan waya a kasuwar Makarfi. Yau na je sayen man inji, ya jawo ni gefe ya danƙa mini wani ɗan farin akwati. A ciki akwai iyafis, abin jin sauti na sawa a kunne, guda biyu marasa waya, kowanne bai wuce girman gyaɗa mai ɓawo ba. Wai sabon kaya ne, kafin ya saro da yawa yana so wani mai gaskiya ya gwada masa. Na ce to me ya hana shi neman mai gaskiyar, ya zo wurina? Ya ce duk sun yi tafiya.

Abu uku yake so in rubuta masa: yadda sautin yake, ko suna ciwo a kunne, da kuma awa nawa caji yake kaiwa. Ya nuna mini yadda ake danne na dama har ya yi ɗan kuka, sai hayaniyar waje ta ɗauke. Na gwada a tsakiyar kasuwa. Masu babur, masu tallan magani da lasifika, duk sai bakuna kawai na gani suna motsi.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, hantsi

To Auwal, ga rahotonka. Sauti dai babu magana. Akwai waƙar da na shekara uku ina ji a waya, sai jiya na san ashe akwai kalangu a cikinta. Wa'azi kuwa har numfashin malam ana ji. Robar tsakiya ta fi zama mini daidai, ba sa ciwo, amma na hagu yana ɗan zamewa idan na sunkuya. Caji ya kai awa shida.

Abin da ba ka tambaya ba shi ne ya fi burge ni. Ka san aikinmu a nan Nasarawan Doya, mazarƙwaila ce tun kakanni. Yaya Usmanu yana cusa rake a bakin inji, Jumare mai taya mu aiki yana can wurin kasko yana dahuwa, ni kuma ina riƙe da injin. Shekara tara ke nan ina tsaye kusa da ƙarfen nan, har kunnena ya koyi kuka da kansa, kamar akwai gyare a ciki, ko na dawo gida ba ya bari. Idan na sa abin nan na kunna karatu a hankali, sai gyaren ya yi shiru. Hafiza matata ta ce jiya ta ga na ci tuwo ban haɗe rai ba, har ta tambaya ko lafiya.

Asabar, 30 ga Nuwamba, azahar

Baba yana da doka tun kafin a haife ni: ba a kawo rediyo wurin inji. Dalilinsa shi ne mai inji yana iya juya baya ya ƙara ruwa a durom ko ya duba mai, amma kunnensa na mai cusa rake ne. Da mai cusawa ya ce "bel", sai ka sa gora ka zare bel ɗin, haƙoran inji su tsaya nan take.

To wannan dai ba rediyo ba ne. Na sa su ƙarƙashin hular sanyi na minti goma kawai, don in ga ko za su iya da injin Baba. Sun iya. Injin da ake ji tun daga bakin titi ya koma kamar keken ɗinki a ɗakin maƙwabta. Wallahi sai da na ji hawaye, ban san haka shiru yake da daɗi ba.

Litinin, 2 ga Disamba, bayan la'asar

Idan an kashe hayaniya, caji awa huɗu da rabi yake kaiwa, ya kusa kai mu tashi daga aiki. Babu wanda ya lura. Na tura wa Auwal saƙon murya na ce ya saro kawai, abin da ya kashe ƙarar injin rake babu hayaniyar da za ta gagare shi.

Talata, 3 ga Disamba, bayan magariba

Muna asibiti a Zariya. Hannun dama na Yaya Usmanu ne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Laraba, 4 ga Disamba, safe

Yatsu huɗu sun tafi. Babban yatsa sun ce sai an ga yadda kwanaki za su yi.

Mutanen gari sun cika baranda, kowa ya zo sai ya dafa ni ya ce sannu da ƙoƙari, da ban zare bel da sauri ba da har kafaɗa ne. Ina cewa Allah ne ya kiyaye. Na faɗa ya fi sau talatin, har bakina ya saba.

Abin da na gani dai shi ne ina ƙara ruwa a durom, sai na hangi Jumare ya bar kasko yana gudu wajena, bakinsa a buɗe. Shi na fara gani. Daga nan na juya.

Wannan littafin ba na Auwal ba ne kuma.

Laraba ɗin dai, la'asar

Na buɗe ɗan akwatin a bayan masallacin asibiti. Na dama yana ciki, ban ma san lokacin da na mayar da shi ba. Na hagu babu.

Alhamis, 5 ga Disamba, hantsi

Na ce zan dawo gida in ɗauko wa Yaya kaya. Ban shiga gidan ba sai da na biya wurin inji. An wanke haƙoran, an zuba ƙasa a wurin. Na tone tukar rake da hannuna tun daga gindin inji har bakin kasko, na leƙa durom, na duba ƙarƙashin katakon da Yaya yake tsayawa a kai. Abu fari ne, tuka ma fara ce. Jumare ya same ni a durƙushe, ya tambayi me nake nema, na ce noti. Ya taya ni neman noti kusan rabin awa, bawan Allah.

Wata ƙila ya shiga wuta tare da tuka. Allah ya sa haka ne.

Asabar, 7 ga Disamba, bayan azahar

Yaya ya fara zama. Na gaishe shi da jiki ya ce da sauƙi, ya tambayi raken fadamar Taba ko an sare, ya ce kar a bari ya bushe a tsaye. Bai yi maganar ranar ba. Ni ma ban yi ba. Mun zauna muna kallon fanka.

Firdausi matarsa ce ta canza. Shekara goma sha ɗaya tana tsokanata, Injiniya take ce mini, in na shigo gida sai ta ce ga Injiniyan da ba shi da satifiket. Yau da na miƙa mata ledar lemo ta ce, "An gode, Zakiyyu." Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai yau. Na ce gajiyar jinya ce.

Lahadi, 8 ga Disamba, safe

Gyaren nan ya dawo, ya fi da ƙarfi. Na sa na dama shi kaɗai don in samu sauƙi, ban yi minti biyu ba na cire. Da guda ɗaya ba ya kashe komai, kuma sautin ya zama siriri kamar na tsohuwar rediyo. Caji kashi casa'in, ko me zai amfana mini oho.

Litinin, 9 ga Disamba, bayan la'asar

Yau na ji yadda abin ya faru daga bakin Baba, a zaure, gaban masu zuwa jaje. Ashe hannun jaket inji ya fara kamawa, jaket ɗin gwanjo mai kauri da Yaya yake sawa saboda sanyin safe. Ya yi ta ja da baya, yadin ya ƙi yagewa, injin yana cin sa kaɗan kaɗan har ya kai ga yatsu.

Baba ya ce shekara talatin da biyu yana da injin nan, ba a taɓa kiran bel ba a ji ba, don shi da kansa ya auna tazarar da ya kafa durom. Saboda haka Usmanu bai kira da wuri ba ke nan. Taurin kai ne, ya ga zai iya fizge hannunsa da ƙarfinsa, ya tsaya kokawa da ƙarfe maimakon ya buɗe baki. Tun yana yaro haka yake, in ji Baba, ba ya son a ce an taimake shi. Sai ya nuna ni ya ce, "Wannan da yake ƙarami ma ya fi shi hankali."

Ina zaune ina zuba wa baƙi ruwa. Kofi uku na cika har suka zube.

Talata, 10 ga Disamba, hantsi

Na je ɗakin Baba da niyya. Na gaishe shi, ya amsa, na gyara zama, na ce Baba dama akwai magana. Ya ce ina ji. Na ce man inji ya kusa ƙarewa.

Laraba, 11 ga Disamba, bayan azahar

Na je Makarfi ba don ina da abin saye ba, gida ne ya ƙi zaunuwa. Na yi niyyar in zagaye layin 'yan waya, ƙafata ta kai ni. Auwal ya yi mini jaje sosai, ya tambayi jikin Yaya. Ga kayan nan ya saro, farare a jere a kan tebur, sun fi ashirin.

Na tambaye shi ko ana samun na hagu shi kaɗai. Ya ce ba a samu, ko an samu ma ba zai haɗu da nawa ba, tare ake haifarsu. Bai tambayi ina nawa ya tafi ba. Ya ɗauki tsumma yana goge abin da ba shi da datti, can ya ce, "Saƙon nan naka na ranar Litinin, na goge shi. Kuma na daina faɗa wa masu saye maganar inji."

Na ce to. Haushi ya kama ni har na rasa na wa nake ji. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 12 ga Disamba, safe

Ban je asibiti ba.

Juma'a, 13 ga Disamba, bayan masallaci

Ban je ba yau ma. Na ce wa Hafiza mura nake, kar in shafa wa mara lafiya. Ta kalle ni ta ce murar da ba ta da atishawa ce wannan. Ta tambayi ina abin kunnena da nake ta yabo, na ce ya lalace. Ta ce ikon Allah, kayan zamani ba su da ƙarko. Na daka mata tsawa a kan gishirin miya, miyar da babu abin da ya same ta.

Lahadi, 15 ga Disamba, la'asar

Babban yatsa ya tsira, alhamdu lillahi. Likita ya ce zai iya riƙe abu da shi idan ya warke.

Baba ya je dubiya tare da ni. Yana zama ya fara, a gaban Firdausi da mutanen gadon kusa. Wai mutum ya kai shekara arba'in bai san amfanin baki ba. Wai da ya ce bel sau ɗaya tak, da yanzu jaket kawai ake jaje. Yaya ya sunkuyar da kai yana kallon bandejin, ya ce, "Haka ne, Baba. A yi haƙuri."

Firdausi ta tashi ta fita da buta, babu ruwa a cikinta. Da za ta wuce ni ba ta kalle ni ba, amma na ji kamar ta kalle ni.

A mota Baba ya yi ta share ido da bakin rawani. Na san faɗan nan tausayi ne ya rasa ta inda zai fita. Sanin hakan bai rage mini komai ba.

Litinin, 16 ga Disamba, hantsi

Mun tada inji, rake ba zai jira ba. An ɗauko wani mutumin Paki zai riƙa cusawa. Kafin mu fara na ce ya tsaya a kan katako ya kira bel mu gani, inji yana aiki, ni kuma na je wurin durom na juya baya.

Na ji shi sarai. Bai ma ɗaga murya sosai ba. Na ce ya sake, ya sake, har ya fara kallona kamar mai taɓin hankali. Baba ya yi gaskiya, tazarar daidai take.

Talata, 17 ga Disamba, azahar

Sau nawa ya kira? Abin da yake yawo a kaina ke nan tun jiya. Ina cin abinci ina lissafi, ina alwala ina lissafi. Jaket mai kauri haka, kafin inji ya cinye ta ai an daɗe.

Alhamis, 19 ga Disamba, safe

Na ɗauki ɗan akwatin zan jefa a rijiyar fadama. Na tsaya a baki na buɗe, fitilarsa ta kama koriya, wato cajinsa a cike yake har yanzu. Sati biyu ban sa shi a wuta ba. Auwal zai so jin wannan, kaya ne mai riƙe caji. Na mayar aljihu na dawo gida.

Asabar, 21 ga Disamba, bayan la'asar

An sallamo Yaya jiya. Yau da hantsi, bayan 'yan dubiya sun ragu, Firdausi ta leƙo ta ce yana kira na, kuma wai in zo da akwatin abin kunnena. Haka ta faɗa, ta juya. Na ɗauko akwatin na tsallaka tsakar gida.

Yana kishingiɗe a tabarma, hannun a kan matashi. Ya ce in sakaya ƙofa. Ya sa hannun hagu a aljihun gaba ya ciro abin ya ajiye tsakaninmu. Na hagu ne, da ɗan jini da ya bushe a jikin robar. Ya ce cikin rigarsa ya faɗa lokacin da na rungume shi ina jan sa, Firdausi ce ta same shi tun daren farko da take cire masa kaya.

Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. Ya ce in goge shi in sa a caji tukuna. Muka zauna kusan minti ashirin muna kallon 'yar fitila, ana ta daka a gidan maƙwabta. Sannan ya ce in sa masa su, tunda shi yanzu ba zai iya da hannu ɗaya ba, in kuma yi masa yadda nawa suke a ranar. Na sa masa. Na danne na dama, na kunna karatun da nake ji ranar. Ya juya fuskarsa bango ya ce, "Koma bakin ƙofa ka kira ni."

Na ce Yaya. Na ƙara. Na ɗaga murya. A na biyar ihu na yi, har aka tsaya da dakan, yara suka taru a waje. Bai motsa ba. Ina kallon ƙeyarsa, ga shi nan kusa, taku huɗu ne tsakaninmu.

Can ya juyo da kansa ya ciro su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce gaskiya abin yana da kyau, kuma ba ya ciwo a kunne. Ya tambayi sau nawa na kira, na ce biyar.

Ya ce, "Ni bakwai na yi. Uku na ce bel, huɗu sunanka na kira."

Na kifa kai a tabarma na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Inna. Ya bar ni sai da na gaji. Ya ce ya san kunnena yana damuna tun tuni, yana ganin yadda nake matse kai idan mun tashi aiki, kuma shi babba ne, ya kamata ya ce mu riƙa musanya wuri bai ce ba. Ya ce maganar hannu ya yafe tun muna cikin mota, kafin mu kai Hunƙuyi.

"Amma Zakiyyu, Baba yana faɗa wa gari ban kira ba. 'Ya'yana suna ji. Ni ba zan kai ƙarar ƙanina ba, ko shekara nawa za a yi. Sati biyu da rabi ina jiran ka."

Ya miƙo mini su a tafin hannunsa na hagu.

Lahadi, 22 ga Disamba, bayan azahar

Na sami Baba a zaure shi kaɗai yana jan carbi. Na durƙusa na ajiye su biyun a gabansa, a kan buzu. Wannan karon ban ce akwai magana ba, na fara kawai, tun daga ranar Asabar ɗin minti goma. Na faɗi hular sanyi, na faɗi saƙon da na tura wa Auwal, na faɗi notin da na sa Jumare nema. Na ce Yaya ya kira sau bakwai.

Baba bai taɓa su ba. Ya daɗe yana kallon su, ya ce, "Wannan ɗan abin?" Na ce shi ne. Ya tambaya ko Usmanu ya sani, na ce tun daren farko. Sai carbin ya tsaya a hannunsa.

Ya tashi bai sa takalmi ba, ya shige sashen Yaya. Ina tsakar gida a tsaye, gyaren nan yana ta kuka a kunnena, amma na ji komai. Na ji Baba, mutumin da ban taɓa jin ya ba wani haƙuri ba, yana cewa Usmanu ka yafe mini, na zalunce ka a gaban mutane. Ya ce ranar Juma'a zai faɗa a ƙofar masallaci, a gaban waɗanda ya faɗa wa ta farko.

Da ya fito ya wuce ta gabana kamar ba kowa a wurin. Firdausi ce ta ajiye mini kofin ruwa a kan turmi. Ba ta ce Injiniya ba, amma ta ce in sha.

Litinin, 23 ga Disamba, safe

Na durƙusa a ƙofar zaure na gaishe da Baba sau uku. Taku biyu ne tsakaninmu, kuma babu komai a kunnensa. Gobe zan sake zuwa.